Faifai

Tun kafin a san lantarki a ƙasar Hausa akwai faifai: abin nan mai faɗi, zagayayye, da mata ke saƙawa da kaba da ciyawa, a rufe ƙwaryar fura da shi ko a yi bakacen hatsi. Da garmaho ya shigo zamanin Turawa, mutane suka ga baƙin abin da ke juyawa a kansa, suka ce ai wannan faifai ne. Siffa kawai aka duba, kuma sunan ya zauna daram.

Daga nan duk abin da ya zo zagayayye mai ɗauke da murya sai ya gaji sunan. CD ya fito a 1982, DVD a 1996, duka aka ce musu faifai. Faifan CD na waƙa bai wuce minti 80 ba, amma idan aka matse waƙoƙin a tsarin MP3, wanda ke zubar da sautin da kunne bai cika ji ba, faifai ɗaya sai ya ɗauki waƙa fiye da ɗari. Na'urorin DVD na gida da yawa suna karanta irin wannan, har da hotunan JPEG da finafinan DivX, muddin alamarsu na jikin na'urar. In na'urar ba ta san tsarin ba, ko faifan sabo ne fil, ba za ta kula shi ba.

Yau 'yan jarida na cewa “wani faifan bidiyo ya karaɗe WhatsApp”, alhali babu abin da ke juyawa a cikin waya. Ni dai ban ga laifin hakan ba. Jam'in faifai, na kaba da na bidiyo, faya-fayai ne.