Yadda Motsa Jiki Ya Shiga Makarantunmu

Yau maganarmu a kan wani darasi ce wanda ba a yinsa da alli ko littafi, watau darasin motsa jiki. Iyaye da yawa a ƙasar Gaya da Ajingi sukan ce, "Mun kai yaro makaranta don karatu, me ya kawo tsalle-tsalle?" Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana cikin tarihi.

KAFIN ZUWAN BOKO

Kakanninmu ba su san wannan darasi ba, ba su kuwa bukace shi ba. Yaro ya taso daga makarantar allo, ya kora awaki kiwo, ko ya bi ubansa gona da 'yar fartanyarsa. Yarinya ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta zaga gari da talla. In kaka ta yi, ga farin wata, sai dandali ya cika. 'Yan mata suna gaɗa, samari suna kokawa, yara suna langa.

Ku dubi langa da kyau. Yaro ya kama ƙafa ɗaya da hannu, yana tsalle da ɗayar, 'yan ɓangarensa suna kare wanda a ke kira ruwa har ya kai wurin sha. Cikin wannan wasa zuciya tana bugawa da ƙarfi, huhu yana cika da iska, ƙashin ƙafa yana ƙara ƙwari don nauyin da ya ke ɗauka. Ba malami, ba usur, amma jiki ya sami hakkinsa.

INDA ABIN YA FARO

Makarantar boko ita ce ta zo da benci, ta zaunad da yaro tun safe har azahar. Turawa sun riga mu ganin illar wannan a ƙasarsu. A 1813 wani malami mai suna Ling ya kafa makarantar koyad da motsa jiki a Stockholm, babban birnin Suwidin. Ya tsara motsi daki-daki, na wuya, na hannu, na gadon baya, na ƙafa, yadda malami ɗaya zai iya jagorantar aji guda. Wannan tsari ya bazu har Ingila.

Da farko Ingilishi sun fi ba da ƙarfi ga rawar soja a makarantunsu. Amma a yaƙin da suka yi a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, sai likitoci suka tarar samari masu yawa da suka zo shiga soja ba su da ƙarfin jikin da za a ɗauke su. Gwamnati ta sa a bincika. Aka ga fareti ba ya gyara yaron da ke kwana da yunwa. Saboda haka a 1906 aka yi dokar da ta ba hukumomi iznin ciyad da 'yan makaranta, a 1907 kuma aka yi ta duba lafiyarsu. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A ƘASAR KANO

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa. A 1921 aka fara Kwalejin Katsina don horad da malamai, wasa kuwa yana cikin tarbiyyarta. Cikin wasanninta har da ƙwallon bango, wanda a ke bugawa da tafin hannu, irin na makarantar Eton ta Ingila. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi karatu a can, ya kuma shahara da wannan wasa.

Malaman da suka fito daga Katsina su ne suka watsu cikin makarantun Midil da na Elementare na En'e, suka tafi da abin da suka koya. Yara su yi layi da sassafe, malami ya ba da umurni, a ɗaga hannu, a sunkuya, a yi gudu. Littafin da hukumar ilmi ta Ingila ta fitar a 1933 ya iso Nijeriya, ya ƙara wasanni da guje-guje a kan tsohon tsari. Kowace shekara kuma ran 24 ga Mayu, ranar bikin daular Ingila, akan yi tsere da jan igiya a gaban manyan gari.

Amma fa wannan gata ta 'yan kaɗan ce. Makarantu ba su da yawa a gundumomi irin Gaya, galibin ɗalibai kuwa maza ne. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina.

BAYAN MULKIN KAI

A 1976 aka fara shirin ilmin firamare ga kowa, makarantu suka shiga ƙauyuka. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta sa motsa jiki da kiwon lafiya cikin darussan firamare. Ranar Yara, 27 ga Mayu, ta zama ranar fareti. Wasannin ƙasa da aka fara a Ikko a 1973 daga baya suka karɓi langa da kokawa da dambe. Watau abin dandali ya sami kujera a gaban hukuma.

Duk da haka, a makarantu da yawa darasin yana kan takarda ne kurum. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya, fili kuwa wani wuri an gine shi. Da dare ma waya da talabijin suna janye yara daga dandali. Ba mu kaɗai ba ne. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fito a 2019 ya nuna cikin yara 100 masu shekara 11 zuwa 17, kamar 81 ba su motsa jiki yadda ya kamata, 'yan mata kuwa sun fi maza rashin. Shawarar hukumar ta 2020 ita ce, yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya sami kimanin minti 60 kowace rana yana motsin da ke sa numfashi ya ƙaru. Wanda ya saba da zama tun yana ƙarami, shi ya fi kusa da hawan jini da ciwon sukari in ya girma.

ABIN DA TARIHI YA KOYA MANA

Na ɗaya, wanda ya zaunad da yaro a benci, shi ke da alhakin tayad da shi. Shugabannin makarantu, daga Ajingi har Toranke da Balare da Gafasa, kada ku ba da lokacin motsa jiki ga shara ko ga wani darasi.

Na biyu, da ruwan ciki a ke jan na rijiya. Uwa, ko koko ne ba yaro ya sha kafin ya fita, ki haɗa shi da ruwan sha.

Na uku, ba sai da kayan Turai ba. Langa ba ta bukatar ko kwabo. A share fili, a tsince ƙaya da fasassun kwalabe, a yi wasa da safe kafin rana ta yi zafi, balle da bazara.

Na huɗu, kada a bar 'yan mata a gindin bishiya suna kallo. A ware musu gefensu, malama ko babbar ɗaliba ta jagorance su, su yi gaɗa da tsallen igiya da tsere.

Na biyar, yaro mai zazzaɓi ya huta, a kai shi asibiti. Mai sikila ko asma ya yi daidai ƙarfinsa, ya sha ruwa, in ya gaji a ƙyale shi. Gurgu ma a nema masa wasan da zai iya.

Dagatai da masu unguwa, ku tsare filin makaranta kamar yadda ku ke tsare rijiyar gari. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.