Tumakin Balami: Asalinsu da yadda ake kiwonsu a gidajen Kano

Balami shi ne jinsin tumaki mafi girman jiki a Najeriya. Asalinsa daga yankin Borno ne da kewayen Tafkin Chadi, ana kuma samunsa a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

A birnin Kano, unguwar Nassarawa GRA na daga cikin wuraren da ake kiwonsa a gida. Turawan mulkin mallaka ne suka tsara unguwar bayan sun ci Kano da yaƙi a 1903, kuma gidajenta na da faɗin filin da ke ba da damar kafa garke a bayan gida.

Yadda ake gane shi

Masana sun kasa tumakin Najeriya gida huɗu: Balami, da Uda, da 'Yankasa, da kuma gajerun tumakin kudu.

Balami fari ne fat, da dogayen ƙafafu, da tanƙwararren karan hanci, da manyan kunnuwa masu saukowa ƙasa. Ragon da ya samu kulawa kan zarce kilo 60.

Uda kuwa rabin jikinsa na gaba baƙi ne ko ja, na baya fari. 'Yankasa, wanda ya fi kowanne yawa a ƙasar, fari ne mai ɗigon baƙi a idanu da baki da kunnuwa.

Balami na jure zafin rana da ƙarancin ruwa, amma ba ya son danshi. Shi ya sa bai cika yin kyau a kudancin ƙasar ba.

Abinci da makwanci

Da rani, abincinsa shi ne harawar wake da ta gyaɗa, da kowa, da dusa, sai ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya domin ƙarin ƙarfi. Akan ajiye masa kanwa ko gishirin lasa, da ruwa mai tsabta a kullum.

Masu kiwo kan sayi harawa da kaka, lokacin da take da araha, domin farashinta na tashi sosai kafin faɗuwar damina.

Ya kamata garke ya kasance da rumfa da busasshiyar ƙasa, saboda zama cikin laka na jawo ruɓewar kofato.

Tunkiya kan ɗauki ciki na kimanin kwana 150. Idan garken ƙarami ne, wajibi ne a riƙa sauya rago lokaci-lokaci, don kada ya hau 'ya'yansa, abin da ke raunana iri.

Cututtuka

Babbar barazana ita ce cutar PPR, mai haddasa zazzaɓi da majina da gudawa, wadda kan iya ƙarar da garke cikin 'yan makwanni. An fara gano ta a ƙasar Kwaddibuwa a 1942.

Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, na samar da allurar riga-kafinta. A 2015 ƙasashen duniya suka amince da shirin kawar da cutar baki ɗaya nan da shekarar 2030.

Likitocin dabbobi na ba da shawarar a keɓe duk dabbar da aka sayo daga kasuwa, kamar ta Wudil ko Dambatta ko Maigatari, na akalla makwanni biyu kafin a haɗa ta da sauran.

Makomar jinsin

Abin da ke damun masana shi ne gurɓacewar iri. Barbara barkatai tsakanin Balami da Uda da ragunan Sudan na sa samun tsantsar Balami yana ƙara wuya.

Bugu da ƙari, manyan raguna su ne ke tafiya a layyar Babbar Sallah, sau da yawa ba tare da sun bar iri ba. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 shi ma ya tarwatsa makiyaya da kasuwannin dabbobi a Borno.

Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na nazari kan inganta tumakin gida. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo.

Sai dai kafin irin waɗannan matakai su kai ga kowa, adana jinsin ya dogara ne ga mai kiwon da zai ware rago mafi kyau domin barbara, maimakon kai shi kasuwa.