Tarihin Haruffan Ƙawa na Katin Gayyata da Matsalar Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

1.0 Gabatarwa

Haruffan nan masu kwanciya da jan wutsiya da ake bugawa a katin gayyata da tambarin kamfanoni sun samo asali ne daga rubutun hannu na Turai. Wannan maƙala za ta bi diddiginsu, sannan ta nuna abin da ya wajaba a lura da shi wajen zaɓensu domin rubuta Hausa.

2.0 Daga Alƙalami zuwa Maɗaba'a

Tushe na farko shi ne salon magatakardan fadar Paparoma. A shekarar 1522 Ludovico degli Arrighi ya wallafa littafinsa *La Operina* a birnin Rum domin koyar da wannan salo. Tushe na biyu ya bunƙasa a Ingila, inda aka riƙa sassaƙa rubutun gwanaye a kan farantan jan ƙarfe, kamar yadda George Bickham ya yi a *The Universal Penman* a ƙarni na 18. Daga wannan zuri'a ne salon Spencer ya fito a Amurka, wanda da shi aka zana tambarin Coca-Cola a shekarun 1880.

A ƙarni na 20 an ci gaba da mayar da waɗannan salailai haruffan ɗab'i. Matthew Carter ya fitar da Snell Roundhand a 1966, shi kuwa Bajamushen nan Hermann Zapf ya zana Zapf Chancery a 1979, da Zapfino a 1998. Zuwan kwamfuta ne ya kai su hannun ƙananan masu ɗab'i a ko'ina.

3.0 Inda Gizo ke Saƙa

An tsara akasarin waɗannan haruffa ne domin harsunan Turai, alhali rubutun boko na Hausa ya karɓi ɓ da ɗ da ƙ tun shekarun 1930. Idan babu su a cikin salon da aka zaɓa, ɗayan biyu ke faruwa: ko dai na'ura ta aro baƙi daga wani salo ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar kalma, ko kuwa mai ɗab'i ya jefar da lanƙwasar. Ta haka ne "manyan baƙi" kan koma "manyan baki", "ɗaurin aure" ya zama "daurin aure", "ɗa" kuma ya rikiɗe zuwa "da".

Abin lura shi ne, Zapf ɗin nan ya sa hannu wajen zana haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya a shekarun 1980, waɗanda suka ƙunshi baƙaƙe masu lanƙwasa. Wannan ya nuna cewa kyawun zane da cikar baƙaƙe ba kishiyoyin juna ba ne.

4.0 Kammalawa

Saboda haka, kafin a zaɓi salo, ya kamata a fara gwada shi da ɓ, ɗ, ƙ, manya da ƙanana, a kuma tabbatar lanƙwasar ba ta ɓace cikin adon wutsiyoyi ba. Salon da ya gaza a nan bai dace da Hausa ba, komai ƙayatarwarsa.