Ruwa, Gangara da Rami: Nazari kan Toshewar Banɗakin Zamani

Banɗakin da ake korawa da ruwa an ƙera shi ne bisa zaton cewa ruwa ba ya yankewa. A biranen da famfo ke zuwa yau ya ɗauke gobe, ake sayen jarka daga hannun 'yan garuwa, wannan zato ba ya tsayuwa. A ganina, daga nan matsalar toshewa take farawa, tun kafin a kai ga zargin mai gyaran famfo ko ingancin kayan da aka saya.

Ruwan nan da ke kwance kullum a gindin kwanon banɗaki yana da aiki. A shekarar 1775 Alexander Cumming, wani mai ƙera agogo a Landan, ya yi rajistar fasahar bututu mai lanƙwasa wanda ke riƙe ɗan ruwa don ya tare wari daga dawowa cikin ɗaki. Har yau a kan wannan dabara ake tafiya. Sai dai lanƙwasar nan ita ce wuri mafi wuyar wucewa, kuma ƙazanta ba ta haye ta sai da ruwa mai ƙarfi da ya sauko a lokaci guda. Tsofaffin tankuna kan saki lita 9 ko fiye, na yanzu lita 6, masu maɓalli biyu kuma lita 3 ko 6. Buta fa? Da ƙyar ta ɗauki lita 2, kuma tsiyaya take yi. Mai buta zai ga kwano ya yi fes ya fita abinsa, alhali abin da ya kora bai yi nisa ba, ya tsaya a cikin bututu. Zafi ya busar da shi ya daskare, na gaba ya zo ya maƙale a kansa. Idan tanki babu ruwa, rabin bokiti da aka sheƙa gaba ɗaya ya fi buta uku da aka zuba a hankali.

Sai batun gangara, wanda ba a ganinsa da ido bayan an gama gini. Bututun banɗaki yawanci mai inci 4 ne, kuma ma'aunin da aka saba shi ne ya sauka da kusan santimita biyu da rabi a kowace mita. In ya kwanta sosai, ruwa ya rasa ƙarfin tura kaya. Magina da yawa kan binne bututu ba tare da barin ɗan akwatin dubawa mai murfi a inda ya yi kwana ba, a shimfiɗa tayil a sama. Ranar da ya toshe, ba abin yi sai guduma. Haka nan bututun iska da ke hawa jikin bango ya wuce rufi, wasu na ɗaukarsa kashe kuɗi ne kawai. In babu shi, ko tsuntsu ya yi sheƙa a bakinsa, za a ji kwano yana ɓulɓul bayan kora, ruwan lanƙwasa ya zuƙe, wari ya cika gida.

Abin da ya fi waɗannan wuyar magani shi ne ɗabi'a. Masai na gargajiya rami ne miƙaƙƙe, ba ya ƙin komai: toka, tsumma, ragowar shara. Mutane sun koma sabon banɗaki da tsohon hali. Abin da masu gyara ke zarowa da waya daga bututu ya nuna haka: ledar fiya wata, gashin kitso, tsinken sakace, audugar mata, famfas ɗin yara. Na ƙarshen nan biyu an yi su ne don su sha ruwa su kumbura, don haka suna shiga bututu suke cika shi. Tsumman goge jikin jarirai kuwa ba ya narkewa kamar takardar banɗaki. A 2017 an tarar da dunƙulen maiƙo da irin wannan tsumma a magudanar unguwar Whitechapel ta Landan, nauyinsa kusan tan 130, tsawonsa mita 250. A gidajenmu akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba, wato kunya. Budurwar da ba ta da inda za ta yar da auduga ba tare da yayyenta maza sun gani ba, kwano za ta jefa. Ƙaramin kwandon shara mai murfi a kusurwa ya fi faɗa amfani. Tsarki da ruwa, a ɗaya ɓangaren, alheri ne ga bututu, don yana rage tarin takarda.

Ƙarshen tafiyar shi ne rami. Abuja na da magudanar ƙazanta ta bai ɗaya da ke kaiwa matatar Wupa, amma gidajen Kano, Katsina ko Damagaram kusan kowa da sokawensa. Tsarin, wanda Bafaranshe Jean-Louis Mouras ya yi wa rajista a 1881, ya dogara ne da ƙwayoyin halitta masu rayuwa ba da iska ba, su ke narkar da ƙazanta ta kwanta, ruwa ya tsallaka rami na biyu ƙasa ta shanye. Masu zuba asid, kananzir ko baƙin mai don kashe wari suna kashe waɗannan ƙwayoyi, man kuma ya like kafofin ƙasa. Haɗa bilic da maganin wanke kwano mai asid ya fi haka haɗari, domin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu.

Hukumar kare muhalli ta Amurka na ba da shawarar a yashe ramin sokawe duk shekara 3 zuwa 5. Wannan lissafin ƙaramin iyali ne. Gidan haya mai ɗaki goma ba zai kai haka ba, musamman da damina idan ƙasa ta ƙoshi. Robar tankin banɗaki da ta saki tana yoyo dare da rana ita ma kan cika rami ba a sani ba. A ɗiga bula a tanki, in ruwan kwano ya yi shuɗi ba a kora ba, robar ta mutu.

Inda ruwa na saye ne, kwanon tsuguno mai ƙaramar lanƙwasa, wanda lita 2 ke isa ta kore shi, da gajeren bututu zuwa rami, ya fi dacewa da gidan fiye da na zama mai tanki. Ramin kuma a nisanta shi da rijiya. Ƙa'idar da aka saba ita ce mita 30, tazarar da yawancin filotan cikin gari ba su da ita.