Anini

Anini tsohon kuɗin ƙarfe ne mai huji a tsakiya, wanda aka yi ciniki da shi a kasuwannin Kano zamanin mulkin Turawan Ingila. Anini goma ne kwabo ɗaya. An fara buga shi a 1907 da alminiyam, aka daina a 1957.

Yadda ake gane na gaske

Fuska ɗaya tana ɗauke da kambin sarauta, sunan sarkin Ingila da rubutun Larabci. Ɗayar kuma tauraro mai tsini shida da shekarar bugawa. Dole shekarar ta dace da sarkin: Edward VIII a 1936 kawai yake. Maganaɗisu ba ya kama na gaske. Hujinsa zagayayye ne, saɓanin tsoffin kuɗin Sin masu huji mai kusurwa huɗu. Goge shi yana rage darajarsa.