Ababen hawa masu lantarki: Abin da mai saye da mai ƙaramar sana'a ke aunawa a yankin Mafara

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin duk mai neman abinci da abin hawa ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta zarce naira 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja. A garuruwa irin su Faru ta ƙaramar hukumar Maradun, da Bakura da Talata Mafara, babur ne ke kai majinyaci asibiti, shi ne kuma ke kai kayan gona kasuwa. Don haka batun abin hawan da ba ya shan mai ya shafi tukunyar gida kai tsaye. Sai dai sha'awa daban, saye daban.

Mene ne abin hawa mai lantarki?

Mota ce ko babur ko Keke Napep da ke tafiya da ƙarfin wutar da aka adana a batir, maimakon ƙona fetur. Ba ya buƙatar baƙin mai, ba shi da fulogi ko kafireto ko salansa, shi ya sa hidimarsa ta yau da kullum ba ta da yawa. Injin fetur yana asarar mafi yawan ƙarfin mai ta hanyar zafi, na lantarki kuwa yana mayar da kusan dukkan wutar da ya sha zuwa tafiya. Rauninsa yana ga batir: shi ne sashe mafi tsada, ƙarfinsa yana raguwa da shekaru, kuma tsananin zafi yana gaggauta tsufansa. Wannan abin lura ne a yankin da zafin bazara ke haura digiri 40.

Inda aka kwana a Najeriya

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya tsara fasalin motar Chevrolet Volt a Amurka, ya shugabanci hukumar tsara motoci ta ƙasa, NADDC, daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, kuma a 2021 aka buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri, Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables sun yi suna wajen mayar da ƙananan motocin bas na fetur zuwa na lantarki. A Disambar 2023 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da motocin haya masu lantarki da masu iskar gas na gwamnatin Borno. A Oktoban 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da cire harajin VAT a kan ababen hawa masu lantarki. Duk waɗannan matakai a manyan birane suka tsaya, shi kuwa ɗan kabu-kabun karkara yana da nasa ma'auni.

Abubuwa huɗu da mai saye ke aunawa

Na farko kuɗin saye. Da yawa daga cikin masu haya ba su mallaki abin hawan da suke tuƙawa ba. Wani ne ya saya ya ba su, suna kai masa balas kullum ko duk mako. Babur mai batirin litiyam ya fi na fetur tsada a ranar saye, ribarsa kuwa a hankali take zuwa, ta hanyar kuɗin man da ba a kashe ba. Mai jarin da ba shi da tabbacin watanni nawa zai ɗauka kafin kuɗinsa su dawo ba zai yi gaggawar sauya abin da ya sani ba.

Na biyu wuta. Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna Electric, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi. A Oktoban 2024, lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a wani babban layin sun jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Mai sana'ar da abincinsa ya rataya a kan caji ba zai jure irin wannan ba. Idan kuma janareto zai tayar don ya cika batir, to an gudu ba a tsira ba. Mafita ita ce hasken rana, wanda tuni masu shagunan cajin waya da masu sayar da ruwan sanyi suka rungume shi.

Na uku gyara da sayarwa. Babur ɗin fetur yana da bakanike a kusan kowane gari, kayan gyaransa suna nan a kasuwa, kuma idan buƙata ta taso ana iya sayar da shi nan take. Ga talaka, babur ajiya ce, kamar tunkiya ko sa. Na lantarki kuwa darajarsa a hannu na biyu ta dogara da lafiyar batirin da ido ba ya iya tantancewa.

Na huɗu tsaro. A hanyar da ake fargabar 'yan bindiga, ƙarewar caji a tsakiyar daji ba ƙaramar magana ba ce. Fetur ana samunsa a kwalba wurin 'yan bumburutu, caji kuwa sai an zauna an jira. Amma lamarin yana da fuska biyu. A Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka kuma katse layukan waya a jihar. Wanda ke caji da rana ba zai damu da ƙarancin mai ba, amma tsarin biyan kuɗi ta waya, wanda kamfanonin babura masu lantarki suka dogara da shi, zai tsaya cik.

Darussa biyu daga gida

Mutanen wannan yanki sun taɓa ganin fasahar da ta zo da alkawari. Madatsar ruwan Bakolori, da aka kammala a 1978, ta zo da tsarin ban ruwa na feshi wanda ya dogara da famfuna masu buƙatar wuta da kayan gyara daga waje. Da waɗannan suka gagara, sashen feshin ya durƙushe, sai da shirin TRIMING na Bankin Duniya ya zo daga baya yana mayar da wani ɓangarensa zuwa ban ruwa ta magudanai. Wanda ya ga wannan, idan ya fara da tambayar wa zai gyara, ba duhun kai ne ke damunsa ba.

Darasi na biyu gubar dalma ce. A 2010 ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sakamakon sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje. Kekuna masu lantarki mafiya araha da batirin dalma suke aiki, wanda ba ya daɗewa. Idan ba a tanadi hanyar karɓar matattun batura ba, fasa su a bayan gida zai buɗe wa tsohuwar masifa sabuwar ƙofa.

Yadda wasu suka ɓullo wa matsalar

A Ruwanda da Kenya da Benin, kamfanoni irin su Ampersand da Spiro sun raba babur da batirinsa. Direba ya mallaki babur, kamfani ya riƙe batir. Idan caji ya ƙare sai a shiga tasha a musanya da cikakke cikin 'yan mintuna, a biya kamar yadda ake shan mai. Wannan ya rage kuɗin saye, ya kuma ɗauke wa direba asarar mutuwar batir. Habasha ta bi hanyar doka, inda ta hana shigo da motocin fetur da dizal na hawa a 2024, amma ita tana da wadatar wutar madatsun ruwa da za ta jingina da ita.

Abin da ya kamata a tambaya

Duk ranar da wata gwamnati ko ɗan siyasa ya zo da rabon babura ko kekuna masu lantarki a matsayin tallafi, akwai tambayoyin da suka fi hoton biki muhimmanci. Ina tashar caji take, kuma da wace wuta za ta yi aiki? Wane irin batir ne, garantin shekara nawa gare shi, wa zai biya idan ya mutu? An horar da bakanikai, alhali ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara? Ina za a kai matattun batura? Nawa aka sayi kowane ɗaya, kuma wa aka ba kwangilar? Amsoshin waɗannan ne za su nuna ko abin hawan zai ciyar da iyali shekaru, ko kuwa a jingine shi a zaure bayan damina guda.