Tarihin RuneScape: Yadda Wani Birni na Cikin Kwamfuta Ya Cika Ya Kuma Watse

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, na san wani zai yi mamaki ya ce, me ya haɗa mujallar ƙungiyarmu da wasan kwamfuta? Amsa ita ce, mai nazarin tarihi ba ya raina kufai. Duk inda mutane suka taɓa taruwa, suka yi ciniki, suka yi faɗa, suka ƙulla zumunci, sa'an nan suka watse, to, akwai abin tambaya a wurin. Birnin da zan ba da labarinsa ba a gina shi da tubali ba, amma na zauna cikinsa shekaru, na kuma ga cikarsa da watsewarsa da idona. Sunansa RuneScape.

Asalin Wasan

Wani saurayi Bature, Andrew Gower, shi ne ya ƙaga wannan wasa tare da ɗan'uwansa Paul, a lokacin yana karatu a Jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila. Sun fito da shi cikin watan Janairu na shekarar 2001, daga gidan iyayensu a garin Nottingham, daga baya kuma aka kafa kamfani mai suna Jagex domin ya riƙa kula da shi. Yadda wasan yake shi ne, mutum zai shiga ta intanet a ba shi ɗan mutum-mutumi wanda zai zama shi ne shi a wata duniya da ake kira Gielinor. A can zai yi su, ko saran itace, ko haƙar ma'adini, ko ƙira, ko yaƙi da dodanni, alhali dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam suna nan tare da shi suna tasu hidimar.

Abu biyu suka jawo masa jama'a. Na farko, kyauta ne. Na biyu, ba ya bukatar babbar kwamfuta, ko tsohuwar da ke shagon intanet ma tana ɗaukarsa. Ta haka ni ma na san shi, wajen shekarar 2006, sa'ad da yayana yake tafiya da ni shagon, ya saya mana awa ɗaya mu raba.

Amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun cikin watan Fabrairu na 2002 aka shigo da tsarin biyan dala 5 kowane wata ga wanda yake son ƙarin ƙasashe da ƙarin sana'o'i. Wannan bai ɓata wa kowa rai ba, domin kuɗin ƙofa kawai yake buɗe wa mutum, aiki kuwa sai ya yi da hannunsa.

Zamanin Cika

A shekarar 2004 aka sake gina wasan, ya ƙara kyau, jama'a suka yi ta kwarara. Mai karatu, abin da nake so ka riƙe shi ne, darajar kome a wannan birni wahala ce ta ba shi. Kowace sana'a a lokacin tana da mataki 99, kuma kafin mutum ya kai ƙarshe sai ya tara maki fiye da miliyan 13. Wanda ya kai mataki na 92 rabin tafiya kaɗai ya yi. Saboda haka in ka ga wani ya kai 99 a saran itace, ka san ya yi watanni yana sara, ba wanda ya yi masa.

Kasuwa kuwa ta baki da baki ce. A gaban bankin yamma na garin Varrock mutane ke cincirindo, kowa yana shelar hajarsa, rubutu bisa rubutu har ba ka iya karantawa. A nan na fara koyon ciniki da Ingilishi, a nan kuma aka fara damfarata. Arewa da garin akwai wani daji da ake kira Wilderness, inda aka yarda ɗan wasa ya kashe ɗan wasa ya kwashe kayansa. Tsoron wannan daji da daɗin waccan kasuwa su ne ran birnin.

Rauni na Farko

Da wasan ya bunƙasa sai kuɗin cikinsa suka yi daraja a waje. Wasu suka mai da tara zinariyar wasan sana'a, suna sayar wa ragwaye da kuɗin gaske. Suka kuma ƙirƙiro shirye-shiryen kwamfuta masu yin wasan su kaɗai dare da rana, ba ci ba barci. Kamfanin ya koka cewa da yawansu da katunan banki na sata suke biyan kuɗin wata.

Maganin da aka kawo shi ne ya zama gyaran gangar Auzinawa. Cikin Disamba na 2007 aka hana kisa da kwasar ganima a dajin nan, farkon 2008 kuma aka ƙayyade ciniki, har ta kai mutum ba ya iya yi wa abokinsa kyauta mai tsoka. An toshe wa ɓarayi hanya, amma an haɗa da masu gari. Mutane suka yi zanga-zanga a titunan Falador, wani gari na cikin wasan, da yawa kuma suka fita ba su dawo ba. Yayana yana cikinsu. Sai bayan shekara uku aka kira ƙuri'a, kashi 91 cikin 100 suka ce a mayar da abin da aka ƙwace, aka mayar ranar 1 ga Fabrairu, 2011. To, amma wanda ya riga ya yi ƙaura ya saba da wani gari, da wuya ya komo.

Rauni na Biyu

A daidai wannan lokaci ragamar kamfanin ta fita daga hannun 'ya'yan Gower, ta koma ga masu zuba jari na Amurka. A shekarar 2012, shekarar da aka yi shelar cewa an buɗe asusun 'yan wasa miliyan 200, sai aka shigo da wani faifai da ake juyawa a ci kyauta, mai suna Squeal of Fortune. Ba a daɗe ba aka fara sayar da damar juya shi da kuɗin gaske, kuma cikin abin da ake ci har da makin sana'a. A 2014 aka maye gurbinsa da akwatunan Treasure Hunter, suna ne ya sauya a lokacin, ciniki kuwa bai sauya ba.

A ganina nan ne aka sari gindin bishiyar. Da can mai kuɗi da talaka gatari iri ɗaya suke riƙewa. Daga nan sai mai kuɗi ya iya sayen abin da wani ya yi watanni yana nema, kuma ba mai iya bambanta su. Ranar da na ga sabon shiga ya wuce ni cikin 'yan makonni, na tambayi kaina, to, wahalar da na sha ta mene ce?

Kafin a farfaɗo daga wannan, ranar 20 ga Nuwamba, 2012, aka sauya tsarin faɗa gaba ɗaya domin ya yi kama da na manyan wasannin zamani. Tsohon tsari mai sauƙi ne, ka danna abokin gaba ka lura da abincinka. Sabon kuwa sai an haddace maɓallai barkatai. Tsofaffin hannu suka wayi gari baƙi ne a garinsu.

Da Tsohuwar Zuma

Abin da ya biyo baya shi ne hujjata mafi ƙarfi. An binciko wani kwafin wasan da aka ajiye tun watan Agusta na 2007, aka tambayi jama'a ko suna so a farfaɗo da shi. Kusan mutum 450,000 suka ce suna so. Ranar 22 ga Fabrairu, 2013, aka buɗe shi da sunan Old School RuneScape, bisa alkawarin cewa ba za a ƙara sabon abu ba sai kashi 75 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a sun yarda, kuma ba a sayar da maki a ciki. Zanensa tsoho ne, tafiyarsa a hankali, amma cikin 'yan shekaru ya fi ainihin wasan jama'a nesa ba kusa ba, balle da ya shiga wayar hannu a 2018. A wannan shekarar ce kuma, ranar 6 ga Agusta, aka rufe wasan farko na 2001 baki ɗaya.

Shi kuwa kamfanin ya yi ta sauya hannu kamar doki a kasuwa: 'yan kasuwar Sin suka saye shi a 2016, aka sayar a 2020, aka sake sayarwa a 2021, aka kuma sake a 2024. Duk wanda ya saya da tsada, a jikin mazauna birnin zai nemi ribarsa.

Kammalawa

Saboda haka ban yarda da masu cewa tsufa ne ya kassara RuneScape ba. Da tsufa ne, da kwafin 2007 ne zai fara mutuwa, ga shi kuwa shi ne ya cika ya batse. Abin da ya watsa jama'a shi ne, sau uku cikin shekara biyar masu mulkin birnin suka taɓa abin da mazauna suka ɗauka nasu ne, wato kasuwarsu, da darajar guminsu, da yadda suka iya faɗa, ba tare da sun shawarce su ba. Inda aka ba su ƙuri'a kuwa suka zauna.

Kwanan baya na buɗe tsohon asusuna bayan shekaru. Kayana suna nan a banki, har da gatarin da yayana ya ba ni kafin a hana kyauta. Na taka zuwa bankin yamma na Varrock, na tarar da mutum biyu ko uku, ba mai cewa uffan. Na duba jerin abokaina, ba ko ɗaya da ke nan. Na tsaya ɗan lokaci a inda aka damfare ni ina yaro, sa'an nan na kashe kwamfutar na buga wa yayana waya.